Azumin da Zauren Malam Ɗalhatu Ya Koma Cikin Waya

Zafin bana ya kai inda in na jingina da bangon zaure da azahar sai in ji kamar na jingina da gefen tanda. Allura tana zame mini a yatsa saboda gumi, farin zare yana yin duhu kafin in gama gida ɗaya na aikin riga. Jiya da la'asar hadari ya taso daga gabas, ya yi baƙi ƙirin har kaji suka fara neman akurki, sai iska ta kwashe shi ta yi yamma da shi, ko ɗigo bai bar mana ba. Na ajiye ɗinki na ce, Allah mun gode maka a kan abin da ka ba mu da abin da ka jinkirta. A nan ne azumin shekarar kulle ya faɗo mini a rai, don a cikin irin wannan zafi muka yi shi.

Sunana Shehu, ɗinkin hannu na manyan riguna shi ne sana'ata, a Kwarbai aka haife ni, nan nake har yau. Karatuna na allo ne da na zaure, rubutuna ajami. Boko kuwa ina lallaɓa shi kamar mai tafiya a kan ƙaya. A shekarun da nake ba da labari ina cikin 'yan dattawan da ke ɗaukar karatu wurin Malam Ɗalhatu, Allah ya haskaka makwancinsa, a zaurensa na Limancin Kona. Dukkanmu mutane ne da neman abinci ya janye daga karatu tun da ƙuruciya, furfura ta dawo da mu. Wani babban littafin fikihu muke bi, mun daɗe a cikinsa, har mun iso babinsa na ƙarshe, wanda ya yi magana a kan ladubban zama da mutane: sallama, neman izinin shiga gida, gaida mara lafiya.

Ga yadda karatun yake tafiya. Da hantsi muke haɗuwa. Alhaji Garba, wani Bakano mai sayar da yadi da ya daɗe da zama a Zariya, shi ke jan baƙi, wato ya karanto Larabcin gaɓa-gaɓa, Malam yana fassarawa. In an gama darasin ranar sai Malam ya shige cikin gida ya bar mu mu yi bita, kowa ya maimaita abin da ya fahimta. Yana jin mu daga bayan asabari, amma ba ya sa baki. In wani ya kauce hanya, ba wanda zai ce masa ka yi kuskure. Sai dai na kusa da shi ya yi gyaran murya, shi kuma ya tsaya, ya ja da baya, ya kama kansa da kansa. Ba a ji kunya ba, ba a bar kuskure ya kwana ba. Malam kuwa yana da doka guda: muddin akwai kuskuren da ya rage a bita, ba ya ƙara ko layi ɗaya washegari.

Wannan littafi ba a wurin Malam Ɗalhatu na fara buɗe shi ba. Na fara shi ina saurayi a gaban mahaifina, Malam Idi, a shekarar babban fari. Daminar ta yi gardama, dawa ta tsaya iya gwiwa ta ƙone a tsaye. Na tuna rijiyar gidanmu, sai ka zura guga ka jira kamar mai roƙo, ya fito da rabin laka. Na tuna tafasa da rama da aka riƙa dafawa ana barbaɗa musu ɗan ƙuli don a yaudari ciki. Ɗaliban mahaifina yawancinsu mutanen ƙauye ne, ɗaya bayan ɗaya suka zo suka durƙusa suka nemi izinin tafiya neman abin da za su kai wa iyali. Zaure ya rage daga ni sai shi. Ya rufe littafin ya ce a bari har abubuwa su daidaita. Kafin su daidaita Allah ya karɓi abinsa. Na sa littafin a gafaka na rataye, na kama allura, shekaru suka yi ta wucewa a kaina.

Saboda haka da annobar korona ta zo, aka kulle gari, aka rufe kasuwa da masallaci da makaranta, kuma labari ya zo cewa tsohon ciwon ƙirjin Malam ya tashi, sai na tuna shekarar fari. Na ce wa maiɗakina, Hajiya Ladi, "An kuma. Ga bakin gaɓa ina gani, ruwa zai sake tafiya da ni."

Ta ce, "Malam, ka daina yi wa kanka mugun baki. Allah na nan."

Azumi ya same mu a haka. Sallah tana tafe amma ba wanda ya kawo ɗinki, waɗanda suka kawo tun da wuri ma ba su iya zuwa karɓa ba. Hajiya ta riƙa auna gero da ido biyu. Kunun tsamiya ya koma tsararo, har kana hangen gindin kofi. Wuta ba ta zuwa sai ta ga dama, ƙanƙara ta zama labari, sai ruwan randa da aka lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Abin da ya fi damuna shi ne shiru. Ladan zai kira salla, sannan ya ƙara da cewa kowa ya yi a gidansa. Tunda nake ban taɓa jin haka a birnin Zariya ba.

'Yar autata Binta tana gida a lokacin. Malamar makarantar sakandaren 'yan mata ce, kulle ya tsare mijinta a Kudu wurin aiki, sai ta kwaso 'ya'yanta ta dawo wurinmu. Wata rana da azahar ina kishingiɗe a ƙarƙashin rumfa, na jiƙa rawani na ɗora a ka, sai na ji tana ta dariya ita kaɗai da waya a hannu.

Na ce, "Malama, azumi ne ya taɓa ki, ko aljanun wayar ne?"

"Ɗalibaina ne, Baba. Na ba su aiki a kan yadda tsiro yake shan ruwa. Wannan ta rubuta nata, waccan ta zo ƙasa ta ce ƙarya ne, ta uku ta ɗauko hoton tumatirin da uwarta ta shuka a tsohon bokiti ta raba gardama."

"A ina suka haɗu? Ba an hana fita ba?"

Ta matso ta nuna mini. Wani shafi ne ta buɗe musu a waya, bulog suke ce masa. Kowace yarinya tana rubuta abin da ta gane daga wayar gidansu, ta ɗora, sauran su karanta su yi sharhi a ƙasa. Abin da aka ɗora yana nan zaune, wadda ta makara ta zo ta tarar.

Ta ce, "Baba, ku ma in kuna so in buɗe muku. Na gaji da ganin ka kana kallon gafakar nan kamar an yi maka rasuwa."

Na ce, "Ilimi daga bakin malami ake ɗaukarsa, ba daga madubi ba."

"To ai bakin malamin za mu sa a ciki."

Ta kira Goggo Asabe, matar Malam, wadda ke karantar da matan aure a cikin gida, kuma tana da waya babba da ɗanta ya saya mata. Suka daɗe suna ƙus-ƙus irin na mata. Da yamma amsa ta zo. Malam ya ce in za mu yi bita zai yi karatu, ba bita ba ƙari, dokar zaure ita ce dokar waya.

Haka muka fara. Da hantsi Goggo za ta naɗi muryar Malam ta ɗora a shafi. Alhaji Garba ba ya nan, ya je Kano gaida yayansa kulle ya rutsa da shi, wayarsa kuma a kashe. Don haka Malam shi ke jan baƙi shi ke fassara, aikin mutum biyu da ƙirji ɗaya mai ciwo, ga azumi da ya ƙi ajiyewa. Ranar da na fara jin muryarsa tana fitowa daga tafin hannun Binta, na gyara zama na tanƙwashe ƙafa ban sani ba. Jikokina suka yi ta ƙyalƙyala dariya, wai Kaka yana yi wa waya ladabi.

Bayan darasi kowa ya kawo bitarsa. Ni in jiƙa tawada in rubuta da ajami a takarda, Binta ta ɗauki hoto ta ɗora. Malam Iro, manomi ne daga wani ƙauye can bayan Ƙofar Gayan, da yake zuwa zaure a kan keke, shi a allo yake rubutawa, ya ari wayar maƙwabcinsa, ya hau wani dutse inda sabis yake kamawa, ya turo. Sau da yawa a gefen hoton sai ka ga babban yatsansa da busasshiyar gona. Alhaji Mamman kuwa, wanda ya girme mu duka, tsohon akawu ne da ya yi ritaya, da boko yake bugo nasa, dogo, a tsare kamar rahoton ofis. Shi ne yayan Hajiya Ladi, uwa ɗaya uba ɗaya, ni ma Yaya nake ce masa.

Kwanakin farko komai ya tafi daidai. Sai aka zo kan amsa sallama. Malam ya fassara cewa in mutum ya yi wa jama'a sallama, ɗaya daga cikinsu ya amsa, ya ɗauke wa sauran. Alhaji Mamman ya rubuta a bitarsa cewa wajibi ne kowa ya amsa da bakinsa, wanda ya yi shiru yana da laifi. Binta tana karanta mini, na ji maƙogwarona ya motsa da kansa, na yi gyaran murya. Ba wanda ya ji sai ita da kaji.

Ta ce, "Me zan rubuta a ƙasa?"

A zaure gyara iska ce, ta wuce ta wuce. Nan kuwa rubutu ne, yana zaune, kuma 'ya'ya da jikoki ne ke riƙe wa yawancinmu wayoyin. In rubuta wa yayan matata ya yi kuskure, jikansa ya karanta masa?

Na ce, "Rubuta, Masha Allah, Allah ya ƙara basira."

Ashe kowa abin da ya yi ke nan. Kafin la'asar addu'o'i sun jeru a ƙasan rubutun kamar takalma a ƙofar masallaci. Allah ya ƙara ilimi. Allah ya ja kwana. Allah ya bar mana ku. Malam Iro ya hau dutse cikin ranar nan mai ƙona ƙeya don kawai ya turo Barakallahu.

Washegari da hantsi muka jira muryar Malam, shiru. Rana ta biyu ma shiru. Kowa ya san dalili, ba mai faɗa. Binta ta ce, "Ikon Allah. Nawa ɗaliban sai na raba su faɗa, ku kuwa kun kashe aji da addu'a. Baba, kawo in rubuta da sunana."

"Ki gyara wa kawunki a gaban jama'a? Ba a gidan nan ba."

Hajiya daga bakin murhu ta ce, "Kada dai wanda ya taɓa mini yaya da azumi a bakinsa."

"To kira shi kai da shi, ba mai ji," in ji Binta. Ta buga ta miƙo mini.

Na gaishe shi. Ya tambayi ibada, na tambayi zafi. Ya tambayi Ladi da yara, na tambayi ƙafarsa da ke masa ciwo. Muka yi wa gari addu'a, muka yi wa masu mulki addu'a. Na buɗe baki zan shiga maganar, sai ya ce, "Shehu, ka ga bitata kuwa? Na zauna na tsara ta sosai." Na ji bakina yana cewa, "Na gani, Yaya. Ta tsaru." Muka yi sallama. Binta ta karɓi wayarta ta dube ni, ta tafi tankaɗe.

Rannan da yamma Goggo Asabe ta kira ni da kanta. Ta ce, "Malam Shehu, ni ke kwana da mutumin nan. Muryar da kuke wasa da ita kullum raguwa take. Jiya ko kunu bai iya shanyewa ba."

Na ce, "Goggo, ya faɗi gyaran mana, kalma ɗaya ce."

"Na roƙe shi. Ya ce gyaran bita na ɗalibai ne, in ya karɓe muku yau, ranar da ba ya nan wa zai yi muku?"

Na sha ruwa ranar ban san ɗanɗanon abin da na sha ba. Shafuka kaɗan suka rage a littafin, kwanakin Malam suna zuba kamar ruwa a tsagaggen tulu, mu kuma mun tsaya muna kunyar juna. Ga kuma labarin da ke zuwa daga Kano na dattawa suna ta rasuwa, wayar Alhaji Garba har yanzu a kashe. Na fara sa shi cikin addu'a irin wadda ban so in yi ba.

Sai wata safiya Binta ta fito daga ɗaki da gudu, ɗankwali a hannu. "Baba! Bakanonku ya taso!"

Ta karanta mini. Ga abin da ya rubuta a ƙasan bitar Alhaji Mamman:

"Salamu alaikum Zage-zagi, bayin gidanmu. Mutum ɗaya ya amsa ya isa, kada ku taso mini gaba ɗaya, ban gama warkewa ba. Yayana ya rasu, ni ma na kwanta, Allah ya tashe ni don ya san ba ku da mai kula da ku. Alhaji Mamman, fate ne ya hau maka ka? Na saurari Malam da kunnena, ya ce ɗaya ya amsa ya ɗauke wa saura, kai ka ɗora wa bayin Allah kayan da Allah bai ɗora musu ba. Ku kuma sauran kun jeru kuna Masha Allah kamar 'yan amshi. Ashe in ba Bakano a wuri, karatu ba ya tafiya."

Na yi salati, na yi dariya, hawaye suka zo, duk a lokaci guda. Tsakanin Bakano da Bazazzagi akwai wasa tun kaka da kakanni. Abin da ɗaya ya gaya wa ɗaya ba ya zama zagi, ko da a gaban 'ya'yansa ne, kuma wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Duk cikinmu shi kaɗai ke da wannan ƙofar, ya kuwa shigo ta cikinta da takalmansa.

Ba a jima ba amsar Alhaji Mamman ta zo. "Allah ya jiƙan yayanka, ya sa ya huta da halinka. Na koma na saurara, gaskiyar Malam ce, ba taka ba. Na gyara. Amma kai da ka zo kana tsalle, ina bitarka ta darussan da aka yi kana kwance? Ko a Kano gurasa ake ci a madadin karatu? Bawa ya kawo aikinsa iyayen gidansa su duba."

Washegari da hantsi muryar Malam ta dawo. Kafin ya yi bisimilla an ji shi yana dariya, dariyar ta zame masa tari, Goggo tana cewa a hankali, a hankali. Da ya sami numfashi ya ce, "To, yanzu zaure ya buɗe. Garba, ja mana baƙi." Daga ranar Alhaji Garba yake naɗo Larabcin daga Kano ya ɗora, Malam ya bi da fassara, nauyi ya ragu a ƙirjinsa.

Mu da ba mu da wasa da juna, Malam Iro ne ya samo mana hanya. Na yi wani ɗan tuntuɓe a bitata kan neman izinin shiga gida, sai ga hoton allonsa a ƙasa. A layin farko ya rubuta, "Na yi gyaran murya." Bai ƙara komai ba. Na koma na saurari darasin, na ga inda na kauce, na sake rubutawa. Shi ke nan ta zama al'ada. Wani lokaci sai ka ga gyaran murya uku a jere ƙarƙashin rubutun mutum ɗaya, Alhaji Garba ya zo ya ce a kai Zage-zagi asibiti, tari ya kama su.

Wani abu kuma da ban zata ba. Malam Iro, da muka yi shekara da shekaru ban ji ya yi tambaya a zaure ba, sai ga shi da tambayoyi a allo. In kana huɗa, wani ya wuce a bakin gona ya yi sallama, iska ta hana shi jin amsarka, ka fita ko da saura? Muka yini muna juya ta, kowa da abin da ya taɓa ji, kafin Malam ya yanke. Binta tana gefena a tabarma ɗaya, tana duba aikin 'yan matanta, tana duba na tsofaffinta. Da la'asar ta aika wayar gidan maƙwabcinmu mai sola a yi caji, a dawo da ita da zafi kamar an ciro ta daga tukunya. Ranakun da aka ba da dama a fita sayen abinci, Malam Iro ya kan ɗauro zogale da ɗanyen mangwaro a bayan keke, ya ajiye a ƙofar gidan Malam da ƙofar gidana, ya yi sallama daga nesa ya juya.

Cikin goman ƙarshe ruwa ya sauka. Da la'asar ne, iska ta fara ɗaga ledoji da ƙura, kwanon rufi ya yi ta ƙara, sai ga shi kamar da bakin ƙwarya. Hajiya da Binta suka yi ta jera bokitai da baho a bakin indararo. Na tsaya a tsakar gida na bar shi ya jiƙa ni, na rufe baki gam don azumi, ƙamshin ƙasa yana shiga mini har ƙwaƙwalwa. Malam Iro ya ɓace mana, ya tafi shuka. Na so a jira shi, Binta ta ce ba sai an jira ba, darasi ba ya gudu daga shafi. Haka kuwa aka yi. Da ya binne irinsa ya hau dutse ya saurari abin da ya wuce shi, ya turo allo da laka a gefensa.

Sai dai muryar Malam tana ta yin ƙasa. Darasin gaida mara lafiya da ƙyar muka ji shi, sai na manna wayar a kunne. Yana fassara mana ladan wanda ya je ya zauna a gefen majinyaci, mu kuma ga mu a gidajenmu, tafiyar da ba ta kai a gaji ba ta gagare mu. Ranar ko Alhaji Garba bai yi wasa ba.

Da ya rage shafi ɗaya, Goggo ta ɗora saƙo da muryarta. Malam ya ce wannan ba za a yi shi a waya ba, yana son ya ga fuskokinmu. Mu zo ranar da za a buɗe gari don cefane, mu tsaya a waje, kada a yi musabaha.

Na sauko da gafaka na rataya. Muka tafi da Binta da hantsi, kowa da ƙyalle a baki da hanci, muna tsallake kwatami da ruwan da ya kwanta a lungu. An shimfiɗa wa Malam buzu a bakin zaure, an tokare shi da matasai. Da na gan shi sai na sunkuyar da kai. Rawanin ya yi masa yawa. Muka tsattsaya a rariya nesa da juna, Alhaji Mamman a kan kujerar da aka fito masa da ita saboda ƙafa, Malam Iro riƙe da kekensa. Binta ta kira Kano, ta ɗaga wayar sama.

"Kun taru, bayina?" in ji Alhaji Garba. "Allah gafarta Malam, a yi haƙuri da su, haka Allah ya ba mu su."

Malam ya yi murmushi, ya ɗaga yatsa alamar a fara. Alhaji Garba ya ja gaɓar farko. Muka jira fassara. Malam ya buɗe baki, abin da ya fito bai wuce iska ba. Ya sake gwadawa. Sai ya girgiza kai, ya nuna Alhaji Mamman da hannu. Yaya ya dube mu, ya cire tabarau, ya fassara. Malam ya gyaɗa kai. Aka ja ta biyu, ya nuna Malam Iro. Haka aka yi ta zagayawa, wanda aka nuna ya fassara, Malam ya gyaɗa, har aka zo layukan ƙarshe, inda mai littafin yake roƙa wa wanda ya karanta da wanda ya karantar da iyayensu gafara. Yatsan ya tsaya a kaina.

Na fara lafiya. Da na zo kan iyaye sai na tsaya. Takardun da ke hannuna na mahaifina ne, gefensu duk ƙananan fassarorinsa ne na ajami, amma wannan shafi fari ne fes, bai kai nan da ni ba. Ba wanda ya taya ni, ba wanda ya hanzarta ni. Wani mai kura ya zo wucewa da jarkokin ruwa, ya ga dattawa tsaye shiru, ya tsaya shi ma. Sannan na ƙarasa.

Malam ya ɗaga hannu, muka ɗaga. Leɓunansa kawai muke gani suna motsi, muna cewa amin. Da ya shafa, ya yafito ni. Na matsa iyakar inda aka yarda, na durƙusa, na kasa kunne. Ya san mahaifina, ya taɓa zama a zaurensa yana yaro.

Ya ce, "Kun sauke. Je ka gaya wa Malam Idi."

Wannan ce magana ta ƙarshe da na ji daga bakinsa. Bai ga kakar shekarar ba.

Na ce wa Binta ta wuce gida, ni ina da wurin zuwa. Na bi ta Ƙofar Gayan na fita maƙabarta. Damina da yawa sun bi ta kan kabarin mahaifina sun daidaita shi da ƙasa, sai dai na kintata wurin da wata tsohuwar tsamiya. Na yi wa mutanen wurin sallama, na yi musu addu'a. Sannan na cire takalma, na zauna a kan danshin ƙasa na tanƙwashe ƙafa, na zaro shafin nan. Na ja baƙin da kaina, na fassara da kaina, a hankali, yadda yake so a yi karatu, tun daga layin farko har zuwa amin.